Yadda Ake Auna Cinikin Tauraro a NBA Kafin a Fara Murna

Wanda ya saba da kasuwar 'yan ƙwallon ƙafa, idan ya leƙo ƙwallon kwando ta Amurka sai kansa ya ɗan ɗaure. A Turai ƙungiya kan zuba kuɗi ta ɗauki ɗan wasa, a ce an saye shi fam miliyan kaza. A gasar NBA kuwa cinikin ba ni gishiri in ba ka manda ake yi. Ka ba da 'yan wasanka da gurabenka na zaɓen sabbin jini, a ba ka nasu. Tsabar kuɗin da doka ta yarda a haɗa a ciki ba su taka kara sun karya ba. Shi ɗan wasan ma galibi ba a neman yardarsa, sai ya wayi gari ya ji an tura shi wani birni.

Shi ya sa ranar da labari ya ɓulla cewa ƙungiya ta kawo tauraro, magoya baya kan ga abin da ya shigo kawai, don shi ne mai suna da fuska. Abin da ya fita yawanci bashi ne, wanda ba a fara biyansa sai bayan shekara uku ko biyar, lokacin da wataƙila tauraron ya tsufa ko ya ƙara gaba. Ga yadda nake bi in auna irin wannan ciniki. Zan riƙa komawa kan wanda Toronto Raptors ta yi a 2018, ba don kawai shugabanta na lokacin, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi ba, sai don kusan kowace tambaya da za ka yi tana da amsa a cikinsa.

Mataki na farko: rubuta kayan a takarda, gefe biyu

Ja layi a tsakiyar takarda. A dama ka rubuta abin da ya shigo, a hagu abin da ya fita. Kowane ɗan wasa ka sa masa shekarun haihuwarsa, albashinsa, da shekarun da suka rage a kwantiraginsa. Sai ka zo kan guraben zaɓe, waɗanda su ne ainihin kuɗin wannan kasuwa.

Kowace shekara ƙungiyoyi 30 na gasar suna zaɓen matasa daga jami'o'i da ƙasashen waje, zagaye biyu. Waɗanda suka sha kashi a kakar da ta wuce su ne ke samun damar zaɓe da wuri, ta hanyar ƙuri'a. Ke nan darajar gurbin ƙungiya tana hawa ne idan ƙungiyar ta lalace. Guraben da ake bayarwa iri uku ne, kuma kada ka haɗa su wuri ɗaya. Akwai mai kariya, wanda idan ya faɗo cikin na sama-sama, a ce goman farko, mai shi zai riƙe abinsa. Akwai marar kariya, wanda ko na ɗaya ya zama ya tafi ke nan. Sai haƙƙin musanya, inda ɗaya ƙungiyar za ta duba nata gurbin da naka a wata shekara, ta ɗauki wanda ya fi kyau.

Dokoki biyu za su taimake ka ka gane jerin shekarun. Ba a sayar da gurbin da ya wuce shekara bakwai nan gaba. Kuma ba a yarda ƙungiya ta zauna ba gurbin zagayen farko shekara biyu masu zuwa a jere ba. Ana kiran wannan dokar Stepien, da sunan wani mai ƙungiyar Cleveland na farkon shekarun 1980 wanda ya yi ta rabon gurabensa har gasar ta taka masa birki. Abin da ya sa ke nan kake ganin 2025, 2027, 2029, sannan a cike shekarun tsakiya da haƙƙin musanya.

Takardar Toronto gajeriya ce. A watan Yulin 2018 ta karɓi Kawhi Leonard da Danny Green daga San Antonio Spurs. Ta ba da DeMar DeRozan, da Jakob Poeltl, da gurbi ɗaya mai kariya na 2019.

Mataki na biyu: ina ƙungiyar take tsaye kafin ya zo?

Tauraro yana ƙarasa gini ne, ba ya haƙa harsashi. Tambayar ita ce, mutum ɗaya ya rage wa ƙungiyar nan ta ɗauki kofi, ko kuwa uku? A ƙwallon kwando mutum biyar ne a fili, kuma gwani kan buga minti 40 cikin 48 a wasannin fitar da gwani na bayan kaka, inda ƙungiya biyu ke karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu, don haka mutum ɗaya yana da nauyin da ba shi da shi a ƙwallon ƙafa. Amma nauyin yana da iyaka. Ƙungiyar da ke cin wasa 35 cikin 82 na kaka, idan ta kawo tauraro wataƙila ta kai 45, a fitar da ita a zagayen farko, alhali ta riga ta jinginar da gobenta.

Toronto ta ci wasa 59 a kakar 2017-18, ta farko a shiyyar gabas. Ciwonta ɗaya ne, LeBron James. Cleveland ɗinsa ta fitar da ita shekara uku a jere, 2016, 2017 da 2018, biyun ƙarshe ba ta ci ko wasa ɗaya ba. A Yulin 2018 LeBron ya koma Lakers a shiyyar yamma. Hanya ta buɗe, kuma kowa ya riga ya ga iyakar inda DeRozan zai iya kai su. Idan kana auna ciniki, ka duba wannan ma: su wa ke tare hanyar, kuma suna ƙara ƙarfi ne ko suna sanyi?

Mataki na uku: me ya sa mai kaya ya sallama?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba ƙungiyar da ke rabuwa da gwaninta haka kawai. Ko dai ya tsufa, ko jikinsa ya fara ba shi matsala, ko ya ce tafiya zai yi, ko albashin da ke tafe ya fi ƙarfinsu, ko kuma zama ya yi tsami. Ka gano wanne ne, domin shi ne haɗarin da mai saye ya ɗauka, kuma shi ya kamata ya rage farashi.

Kawhi yana da uku daga ciki. Wasa 9 kacal ya buga a kakar 2017-18 saboda ciwon cinya, dangantakarsa da Spurs ta lalace, kuma shekara ɗaya ta rage masa kafin ya sami damar tafiya inda ya ga dama. Kowa ya san hankalinsa yana Los Angeles. Amma shekarunsa 27, ya taɓa zama gwarzon wasan ƙarshe a 2014, kuma sau biyu ana zaɓensa gwarzon tsaron gida. Haɗarin ne ya sa Ujiri ya same shi da araha. Ƙungiyar kuma ta lallaɓa jikinsa, wasa 60 ya buga a kakar, aka adana shi don lokacin da ake buƙatarsa.

A nan ka ɗauki lissafi mai sauƙi. Duba wasannin da tauraron ya buga a kaka uku da suka wuce, ka raba uku. Abin da ya fito shi ne abin da za ka sa rai, ba 82 ba. Sai shekaru. Yawancin gwanaye suna ganiyarsu ne daga wajen 26 zuwa 30 da 'yan kai. Wanda ka saya yana 34, suna da tarihi ne rabin abin da ka biya. Kevin Durant yana da 34 lokacin da Phoenix Suns ta ɗauko shi a Fabrairun 2023, bayan ya taɓa rasa kaka guda cur saboda tsinkewar jijiyar agara. Ya zo, ya gurɗe ƙafa wajen motsa jiki kafin wasa, wasa 8 ya buga musu kafin a shiga fitar da gwani.

Mataki na huɗu: duba waɗanda aka hana, ba waɗanda aka bayar kaɗai ba

Wannan ne matakin da na fi ba muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Bayan an gama ciniki, rubuta sunayen mutum takwas da koci zai iya dogara da su a wasa na bakwai na zagayen fitar da gwani. Ƙungiya tana da 'yan wasa 15, amma idan wasa ya yi zafi takwas ko tara ne ke taka fili. In ka kai na shida ka fara ɗaga kai kana tunani, akwai matsala.

Toronto ta ba da DeRozan, wanda ya yi mata kaka tara kuma ya fi kowa ci mata maki a tarihi. Abin ya yi wa mutanen birnin ciwo, ya yi wa amininsa Kyle Lowry ciwo. Amma duba waɗanda suka rage: Lowry, Pascal Siakam ɗan Kamaru, OG Anunoby, Fred VanVleet, Serge Ibaka, Norman Powell, ga Danny Green da ya shigo. Matasan da ake kwaɗayi, Siakam da Anunoby, ba a taɓa su ba. A kakar nan Siakam ya zama ɗan wasan da ya fi kowa ci gaba a gasar. Kuma saboda ba a kwashe rumbun kaf ba, a Fabrairun 2019 an sami abin da za a ba Memphis a karɓo Marc Gasol, wanda ya tare Joel Embiid, gwanin Philadelphia, a zagaye na biyu.

Yanzu ka ɗora Phoenix a kan wannan ma'auni. Ita ma ƙungiya ce da ke bakin kofi. Ta kai wasan ƙarshe a 2021, ta ci wasa 64 a kakar da ta biyo baya. Mataki na biyu ta ci shi. Amma don samun Durant ta ba Brooklyn Mikal Bridges, da Cam Johnson, da Jae Crowder, da gurabe huɗu marasa kariya na 2023, 2025, 2027 da 2029, da haƙƙin musanya na 2028. Bridges shi ne mai tsare mata gwanin abokan hamayya, kuma mutum ne da ba ya fashin wasa. Da aka haɗu da Denver a zagaye na biyu, Durant da Devin Booker suka yi ta zuba maki, benci kuwa wayam. Aka fitar da su 4-2.

Na Los Angeles Clippers ya fi ban tausayi. A Yulin 2019, don su sami sa hannun Kawhi, wanda ya sami damar barin Toronto, sai da suka karɓo Paul George daga Oklahoma City. Suka ba da Danilo Gallinari, gurabe biyar, haƙƙin musanya biyu, da wani yaro mai kaka ɗaya a gasar, Shai Gilgeous-Alexander. Ranar, guraben aka fi magana a kai. A 2025 yaron nan ya zama gwarzon gasar baki ɗaya, ya ɗaukar wa Oklahoma City kofi, tare da Jalen Williams wanda aka zaɓa da ɗaya daga guraben Clippers ɗin. George kuwa ya tafi Philadelphia a 2024 ba tare da Clippers ta karɓi komai ba. Saboda haka duk matashin da ka gani a gefen hagu na takardarka, kada ka auna shi da makin da yake ci yau. Ka je ka kalli wasanninsa biyu ko uku, ka tambayi kanka me ya sa mai sayarwa ya nace sai shi.

Mataki na biyar: shekarun tauraron nawa ranar biyan bashi?

Koma kan guraben. Kusa da kowace shekara, rubuta shekarun da tauraron zai kai a lokacin, da ko kwantiraginsa zai kai can. Gurbin da za a biya yana ganiyarsa zai faɗo na 25 ko na 28, ba asara ba ce sosai. Na Toronto na 29 ya zama. Wanda za a biya bayan ya tafi, shi ne mai yanka.

Brooklyn Nets ta 2013 ita ce darasin da kowa ke kawowa. Ta karɓo Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai 35 daga Boston, ta ba da gurabenta marasa kariya na 2014, 2016 da 2018, da haƙƙin musanya na 2017. Zagaye ɗaya suka tsallake a 2014. Pierce ya tafi bayan shekara guda, Garnett ya bi a Fabrairun 2015. Brooklyn ta faɗi ƙasa warwas, kuma duk kashin da ta sha Boston ya amfana. Gurbin 2016 ya zama na uku, Jaylen Brown. Na 2017 ya zama na ɗaya, Boston ta musanya shi da Philadelphia ta sauko na uku ta ɗauki Jayson Tatum. Su biyun suka ɗauki kofin 2024.

Abin da ya sa rashin kariya yake da muni shi ne, a tsarin NBA faɗuwa tana da lada. Ƙungiyar da ta lalace tana samun matashi mai kyau ta sake gini. Wadda ta sayar da gurabenta ta rasa ko wannan. Ga shan kashi, ga ladan ya tafi gidan wani.

Mataki na shida: lissafin albashi

Ba sai ka haddace littafin dokoki ba, layuka huɗu za ka riƙe. A kakar 2024-25 iyakar albashin ƙungiya dala miliyan 140.6 ce. Ana iya wuce ta ta wasu hanyoyi, amma daga miliyan 170.8 ake fara biyan haraji. Sama da nan akwai shinge biyu da yarjejeniyar 2023 ta ƙarfafa, na farko a wajen miliyan 178, na biyu a wajen miliyan 189. Alƙaluman suna hawa kowace shekara, don haka ka nemi na kakar da kake ciki.

Ɗan wasan da ya shekara 10 a gasar zai iya fara kwantiragi da kashi 35 cikin 100 na iyakar albashi. Biyu irinsa sun cinye kashi 70. Uku kuwa sun haura iyakar tun ba a biya sauran mutum 12 ba. Wadda ta haura shingen farko ba za ta karɓi albashin da ya fi wanda ta fitar a musaya ba. Wadda ta haura na biyu ba za ta haɗa albashin mutum biyu ta karɓo mai tsada ɗaya ba, ba za ta haɗa da tsabar kuɗi ba, kuma ana daskare mata gurbinta na shekara bakwai nan gaba. A da mai kuɗi kan biya haraji ya wuce. Yanzu kuɗin ba sa kwance hannun da doka ta ɗaure.

Phoenix ta faɗa wannan tarko da ta ƙara Bradley Beal a Yunin 2023, mutumin da kwantiraginsa ya ba shi ikon ƙin yarda a musanya shi. Minnesota ta share su 4-0 a zagayen farko na 2024. A 2025 wasa 36 suka ci, ba su ko shiga fitar da gwani ba. Idan cinikin da kake aunawa zai tura ƙungiya bayan shinge na biyu, ka ɗauka 'yan wasan da kake gani su ne ke nan, gyara zai yi wuya.

Mataki na bakwai: ƙwallon ɗaya ce

Wannan a gurguje. Ka tambaya, aikin da tauraron ya iya, akwai mai yinsa a gidan? Durant, Booker da Beal duk masu cin maki ne, ba mai rarraba ƙwallo. Milwaukee ta yi duka biyun, dabara da kuskure. A Nuwamban 2020 ta biya gurabe uku da musanya biyu kan Jrue Holiday, wanda ba ya cikin manyan taurari, aka yi ta cewa ta yi tsada. Amma tsaron da yake yi shi tauraronta Giannis Antetokounmpo ke buƙata. Giannis ya sabunta kwantiragi a watan da ya biyo baya, suka ɗauki kofi a 2021. A Satumbar 2023 ta ba da Holiday ɗin don Damian Lillard, wanda ya fi shi suna da maki. Kwanaki kaɗan Holiday ya ɓulla a Boston, babbar abokiyar hamayyarsu, ya ɗauki kofi a can. Ka riƙa bin sawun inda kayan da ka fitar za su ƙare.

Mataki na takwas: idan abin ya ƙi, ta ina za a fita?

Kafin ka yanke hukunci, ka ware sa'a daga dabara. Toronto ta ɗauki kofin 2019, amma ƙwallon da Kawhi ya jefa a daƙiƙar ƙarshe ta wasa na bakwai da Philadelphia sau huɗu ta yi tsalle a bakin kwando kafin ta faɗa. A wasan ƙarshe da Golden State kuma, Durant, wanda yake can a lokacin, ɗan taƙi ya buga ya ji rauni, abokin wasansa Klay Thompson ma ya bi shi a wasa na shida. Da ƙwallon nan ta fita, cinikin bai tashi daga mai kyau ba. Haka kuma kada ka yi saurin yanke hukunci a shekarar farko. An yi wa Minnesota dariya da ta zuba 'yan wasa biyar da gurabe huɗu kan Rudy Gobert a 2022, sai ga ta a wasan ƙarshe na shiyyar yamma a 2024 da 2025.

Gwajin da ba ya dogara da sa'a shi ne ka ƙaddara mafi munin abu ya faru, tauraron ya karye ko ya tafi, sannan ka duba me ya rage. Lillard ya tsinke jijiyar agara a Afrilun 2025. Milwaukee ta sallame shi, ta shimfiɗa kusan dala miliyan 113 da suka rage masa a kan shekara biyar, wato sama da miliyan 22 a kowace kaka ga mutumin da ba ya sa rigarta. Phoenix ta sayar da Durant ga Houston a 2025, ta karɓi Jalen Green, Dillon Brooks da gurbi na 10, da wasu na zagaye na biyu, abin da bai kama ƙafar wanda ta biya ba, sannan ta sallami Beal shi ma tana biyansa.

Mafi munin abin da ake tsoro ya faru da Toronto ita ma. Kawhi ya kwashe kayansa zuwa Clippers makonni uku da ɗaukar kofi, Danny Green ya koma Lakers. Sai dai gurbin da ake bin ta ta riga ta biya a watan Yunin nan, sauran gurabenta na zagayen farko duk suna hannunta, matasanta suna nan. A kakar da ta biyo baya, wadda annobar korona ta gajarta, ta ci wasa 53 cikin 72, ta zo ta biyu a gabas, kuma sai a wasa na bakwai na zagaye na biyu Boston ta iya fitar da ita.